Ko Kun Sani? Karen da Ake Yi wa Aski

Ko kun san cewa gashin karen fudul, mai murɗaɗɗen gashin nan, ba ya zuba kamar na karnukan farautarmu? Tsawo yake ta yi, wanda ya tsinke kuma ya maƙale cikin sauran ya cukurkuɗe. Shi ya sa ake taje shi kullum, a yi masa aski duk bayan mako 4 zuwa 6.

Asalinsa karen farautar agwagwa ne a Jamus. Mafarauta kan aske bayansa don sauƙin iyo, su bar gashin ƙirji saboda sanyi.

Masu kiwonsa, a kula da damina: kaska na ɓuya a kunne da tsakanin yatsu, jiƙaƙƙen gashi kuma na jawo ciwon fata.