'Yan Duban Ƙwallon Amurka: Wa Ke Ci, Wa Ke Biya?

Daga Wakilinmu na Arewa

Kwanan baya da na sauka Ikko na kwana biyu a Agege, wurin wani yayana mai fataucin goro. Bayan sallar lisha muna zaune a ƙofar gida sai ga wani yaro ɗan garinmu, mai aikin gadi a Ikeja, ya zo gaisuwa. Da hira ta yi hira ya zaro wayarsa ya nuna mini, ya ce, "Yallaɓai, ai na bar ƙwallon Ingila, ta cinye ni. Yanzu na koma ta Amurka. Akwai wani gwani da ke aiko mana da waɗanda za su ci kowane mako." Na tambaye shi mutum nawa ne ke bugawa a kowane gefe, ya yi shiru. Na ce ko ya taɓa ganin wasan da idonsa, ya ce a'a, shi dai da asuba ya kan duba ya ga ko takardarsa ta ci.

Manya daga cikin masu karatu sun san irin wannan tun zamanin cacar ful, lokacin da a ke cike takarda a kan ƙungiyoyin Ingila da Sikotlan da za su yi kunnen doki ran Asabar, ga kuma 'yan jaridun duba da a ke sayarwa a bakin titi, kowace tana rantsuwa cewa lambarta ba ta faɗuwa. To, Amurka ma tana da nata 'yan duban, kuma sana'arsu ta fi ta namu tsufa da tsari. Na ga ya kamata mu leƙa mu ga yadda abin ya ke a gidansa, tun da ya fara biyo 'yan'uwanmu har cikin aljihu.

Da farko dai, ko da ya ke sunanta ƙwallon ƙafa, yawancin aikin da hannu a ke yi. Ƙwallon mai tsini biyu ce kamar ƙwai. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe, fili kuma yadi 100. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi goma, ko da gudu ko da jifa. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki shida, a ƙara masa ɗaya in ya buga ta tsakanin sanduna. In aka buga ta tsakanin sanduna daga nesa ba tare da an kai ƙarshen fili ba, maki uku ke nan. Saboda haka sau da yawa tazarar da a ke tashi da ita uku ce ko bakwai. Mai karatu ya riƙe wannan, don a kan irin waɗannan 'yan lambobi dukiya ke salwanta.

Babbar hukumar wasan, watau NFL, tana da ƙungiyoyi 32, kowace tana buga wasa 17 daga watan Satumba zuwa farkon Janairu, sa'an nan a yi na fitar da gwani, a ƙare da babban wasan da su ke kira Super Bowl. Galibi ran Lahadi a ke bugawa. Wasannin rana su kan faro wajen magariba a agogonmu, na dare kuwa sai bayan ƙarfe ɗaya, lokacin da mai gadinmu ke bakin aiki. Mu ma muna da ɗan rabo a ciki: Christian Okoye, haifaffen Inugu, wanda bai san wasan ba sai da ya je karatu Amurka, shi ya fi kowa gudu da ƙwallo a 1989, ya yi yadi 1,480 a ƙungiyar Kansas City Chiefs.

Yanzu ga inda cacarsu ta bambanta da tamu. Su ba a cika tambayar wa zai ci ba, don sau da yawa kowa ya sani. Abin da a ke yi shi ne ba da rata, kamar yadda babban yaro ke ba ƙaninsa rata in za su yi tsere. Kartagi, watau mai karɓar kuɗin caca, sai ya ce ƙungiya kaza ta fi ƙarfi, don haka ta ba ɗayar ratar maki bakwai. In ka bi mai ƙarfi, ba ka ci ba sai ta yi nasara da fiye da bakwai. In ka bi mai rauni, ko an cinye ta da maki shida kai ka ci. In aka tashi da bakwai cif, kowa ya karɓi kuɗinsa. Don gudun haka ne su kan sa rabi, su ce shida da rabi ko bakwai da rabi, alhali ba a samun rabin maki a fili. Wani tsohon malamin lissafi mai suna Charles McNeil, wanda ya koma sana'ar caca a birnin Chicago, shi a ke dangantawa da yaɗa wannan dabara a shekarun 1940.

Amfanin ratar ga kartagi shi ne ta mayar da kowane wasa kamar jefa kwabo sama, ko kai ko wutsiya. Burinsa kuɗi su rabu biyu daidai. In jama'a suka yi wa gefe ɗaya yawa, sai ya ɗaga ratar ko ya sauke ta har su watsu. Ribarsa kuwa tana cikin la'ada: sai ka ajiye 11 kafin ka ci 10. A ce mutum biyu sun ajiye naira 11 kowannensu, ɗaya nan ɗaya can. An tara 22. Wanda ya ci ya karɓi 21, watau 11 ɗinsa da ribar 10. Naira ɗaya ta zauna wurin kartagi, ko wa ya yi nasara a fili.

Naira ɗaya kamar ba kome ba ce, amma bari mu yi lissafin 'yan firamare. Mutum ya yi caca sau 100, ya ci 50, ya faɗi 50. Ya samu 500, ya yi hasarar 550. Bai fi kowa rashin sa'a ba, amma ga 50 ta tafi. In ya ci 52 ma har yanzu yana cikin hasara. Sai ya ci 53 cikin 100 kafin ya ga ribar naira 13, bayan ya juya naira 1,100. Duk wanda ya ce maka yana cin takwas cikin goma kowane mako, shekara da shekaru, sai ka tambaye shi me ya hana shi zama ya ci shi kaɗai, har ya ke neman ɗan abin da ke hannunka.

Wannan rata ce ta sa labarin wasa ya kan zama iri biyu ran Litinin, na mai kallo daban, na ɗan caca daban. Misalin da ya fi shahara shi ne Super Bowl na 21 ga Janairu, 1979, a birnin Miami, tsakanin Pittsburgh Steelers da Dallas Cowboys. An buɗe da cewa Pittsburgh ta ba da ratar uku da rabi. Kuɗi suka yi ta kwarara gefenta, har wasu kartagai suka ɗaga zuwa huɗu da rabi, sai kuma mutane suka yi caa a kan Dallas. A zango na ƙarshe Pittsburgh tana gaba da 35 da 17, mai kallo ya ce magana ta ƙare, a kashe talabijin. Amma Dallas ta kai ƙwallo ƙarshen fili sau biyu a 'yan mintocin ƙarshe, na biyun saura daƙiƙa 22 a tashi. Aka ƙare 35 da 31. Kofi dai Pittsburgh ce ta ɗauka. Tazara kuwa huɗu ce cif. Wanda ya bi Pittsburgh a kan uku da rabi ya ci, wanda ya bi Dallas a kan huɗu da rabi shi ma ya ci, wanda ya shiga a kan huɗu aka mayar masa da kuɗinsa. Kartagan Las Vegas suka biya dama da hagu, har suka sa wa ranar suna Baƙar Lahadi. Dalilin da ya sa ba a manta da ita ba shi ne irinta ba ta cika zuwa ba.

Su kuwa masu duba, tun daga Alhamis su ke cika jaridu da gidajen rediyo da talabijin, kowa da jerin zaɓinsa na mako. Wanda ya fi suna a cikinsu a da shi ne Jimmy Snyder, wanda a ke yi wa laƙabi da Bagirke. Daga 1976 ya riƙa fitowa a shirin share fage na gidan talabijin na CBS kowace Lahadi. Da ya ke a lokacin ba a yarda a ambaci caca ƙarara ba, sai ya faɗi makin da ya ke zaton za a tashi da shi, masu hankali su gane inda ya dosa. An sallame shi a Janairun 1988, ba don dubansa ya ƙi ci ba, sai don wata maganar banza da ya yi a kan baƙaƙen 'yan wasa.

Gwanayen nan sun sha kunya ba sau ɗaya ba. A Janairun 1969 kusan bakinsu ya zo ɗaya cewa Baltimore Colts za ta yi kaca-kaca da New York Jets, har aka sa ratar maki 18. Joe Namath, mai jifa na Jets, ya tsaya gaban jama'a kwana uku kafin wasa ya ce ya ba da tabbacin su za su ci. Aka ɗauke shi mai cika baki. Jets ta ci 16 da 7. Haka kuma a Fabrairun 2008, New England Patriots ta zo wasan ƙarshe bayan ta ci wasa 18 a jere ba faɗuwa, aka sa mata ratar wajen 12. New York Giants ta doke ta 17 da 14, kuma cikin masu tsaron Giants a ran nan har da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne.

Mai duba na jarida dai albashinsa ya ke ci, in ya yi kuskure a yi masa dariya a wuce. Wanda ya fi haɗari shi ne mai sayar da duba, kuma akwai tsohuwar dabarar da wasunsu ke yi wadda ya kamata kowa ya sani. A ce ya samu adireshin mutum 64. Makon farko ya gaya wa 32 ƙungiya kaza, sauran 32 ya gaya musu ɗayar, kyauta. Dole rabi su ga ya faɗi daidai. Ya watsar da waɗanda suka faɗi, ya raba 32 ɗin nan biyu ya sake. Mako na biyu saura 16, na uku 8, na huɗu 4. Waɗannan huɗun sun ga mutum ya faɗi daidai sau huɗu a jere, wa zai gaya musu ba waliyyi ba ne? A mako na biyar sai ya ce wannan karon sai an biya. Da wasiƙa da tarho a ke yin ta a da, wayar hannu ta zo ta sauƙaƙe ta.

Ita kanta hukumar wasan ta daɗe tana tsoron caca. A jajiberin wasan ƙarshe na 1946 aka gano wani ɗan caca ya yi tayin cin hanci ga 'yan wasa biyu na New York Giants. Bayan wannan ne, daga 1947, aka tilasta wa ƙungiyoyi su riƙa bayyana sunayen waɗanda suka ji rauni kafin wasa, don kada wani ya sayi sirri ta bayan gida. A 1963 shugaban hukumar, Pete Rozelle, ya dakatar da manyan taurari biyu, Paul Hornung na Green Bay da Alex Karras na Detroit, shekara guda cur saboda sun yi caca a kan wasanni. Art Schlichter na Colts, wanda aka dakatar a 1983, caca ta raba shi da wasa gaba ɗaya, ya yi shekaru masu yawa a kurkuku saboda damfarar da ya yi ta yi don biyan bashi.

A 1992 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, aka bar Nevada da wasu 'yan ƙalilan da suka riga suka fara. A watan Mayu na 2018 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, jihohi fiye da talatin suka buɗe ƙofa. Nan take hukumar da ke gudun caca ta juya. A 2020 ƙungiyar Raiders ta koma Las Vegas da zama, a 2021 NFL ta ƙulla cinikin talla da kamfanonin caca uku, Caesars da DraftKings da FanDuel, a Fabrairun 2024 kuma aka buga Super Bowl a Las Vegas ɗin kanta. Duk da haka ɗan wasa bai da iznin yin caca a kan wasannin hukumar. Calvin Ridley na Atlanta Falcons ya rasa kakar 2022 baki ɗaya, a kan cacar da shi da kansa ya ce ba ta wuce dala 1,500 ba. Ni dai abin ya ɗaure mini kai, mai gida yana tallar abin da ya ke korar yaransa a kansa.

Hukuncin caca a addini ba sai na faɗa wa masu karatun wannan shafi ba, malaman Agege da na Sabon Badun sun sha faɗa a kan mumbari. Ni lissafi kaɗai na kawo, kuma shi na yi wa yaron nan kafin ya tafi. Ashe shi ba ma wasa ɗaya-ɗaya ya ke bi ba. Gwanin nasu kan aiko da wasa biyar, a haɗa su a takarda guda, ba a biya sai duk biyar sun ci. Na ce masa in kowane wasa kamar jefa kwabo ne, dacewa da biyar a jere sau ɗaya ne cikin 32, makonnin kakar kuwa 18 ne kacal. Ya yi ɗan tsaki ya ce ai makon jiya huɗu suka ci, ɗaya ce ta ɓata masa, ita ma da rabin maki. Na tambaye shi nawa ya aika gida Malumfashi a watan nan. Ya duba agogo ya ce lokacin karɓar aiki ya yi, ya yi mana sai da safe.