Ba kowane rim mai rami biyar ne na motarka ba

Duk wanda ya saba bin titin Zariya ta Gyaɗi-Gyaɗi, daga gadar Dangi zuwa ƙofar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ya ratsa cikin Tarauni, ya san yadda masu faci da masu sayar da taya da rim suke jere a bakin hanya. A irin wannan wuri ne kwanakin baya na tarar da wani magidanci da motarsa ƙirar Opel Zafira, rim ɗinsa ya lanƙwashe bayan ya faɗa rami. Yaron shago ya fito da wani rim na alminiyom mai sheƙi wanda aka cire daga Marsandi, ya ce: "Alhaji, ai duk biyar-biyar ne, zai hau." Aka gwada, ya kuwa hau, aka ɗaure, Alhaji ya biya ya kama hanya da iyalinsa. Wannan kalma ta "zai hau" ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin hawa daban, dacewa daban.

Motocin iyali masu kujera bakwai sun zama rufin asirin ma'aikaci mai matsakaicin ƙarfi: su ne na kai yara makaranta, su ne na zuwa gida da salla. Akasarinsu na hannu ne daga Turai da Amurka, kuma kowane kamfani da nasa awon. Abin da ake aunawa shi ne faɗin da'irar da ta ratsa tsakiyar ramukan noti. A Zafira, wadda aka fara ƙerawa a 1999, ramuka biyar ne a kan da'ira mai milimita 110. A Volkswagen Sharan, wadda ta fito a 1995, da kuma Marsandi, milimita 112 ne. A Toyota Sienna kuwa 114.3 ne. Hatta suna ɗaya ba hujja ba ce, domin Ford Galaxy ta farko awonta ɗaya da Sharan, amma wadda ta fito daga 2006 ta koma 108.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne milimita biyu? Tsakanin 110 da 112, kowane rami ya kauce da milimita ɗaya daga inda ya kamata ya zauna. Ido ba ya ganin wannan, amma ƙarfe yana jin sa. Noti na farko zai zauna daidai, ya janye rim ɗin gefe guda, sauran huɗun kuma su shiga a karkace. Da mota ta ɗauki gudu, kowane juyi na taya sai ya lanƙwasa su kaɗan ya sake su, kamar yadda ake karya waya da hannu. Farko sitiyari ya soma rawa, daga nan noti ya kwance ko ya karye, idan ɗaya ya tafi kuwa nauyinsa ya koma kan 'yan'uwansa. Taya ba ta ficewa a gaban shagon da aka ɗaura ta, sai an miƙi hanya da kaya da yara.

Awo na biyu shi ne ramin tsakiya, wanda yake zama a kan hob. Na Zafira milimita 65.1 ne, na Sharan 57.1, na Toyota 60.1, na Marsandi 66.6. Wannan ne ya sa rim ɗin Marsandi ya hau Zafira ba gardama: raminsa ya fi faɗi, don haka bai kama hob ɗin ba. Idan kuwa ramin ya yi kaɗan, sai ka ji an ce a kai wa mai gurza ƙarfe ya buɗa shi, wani lokaci har da ramukan notin. Rim ɗin da aka gurje wa rami da hannu ya tashi daga aiki, ko da kuwa yana sheƙi kamar sabo.

Na uku shi ne mazaunin noti. Na Opel kansa a tsuke yake kamar mazurari, na Volkswagen da Marsandi a kumbure kamar rabin ƙwallo, na rim ɗin alminiyom na Toyota kuma a shafe yake da wasa. Idan aka haɗa wani da wani, bakin-baki kawai suke taɓa juna, komai ƙarfin ɗaurin. Sai na huɗu, wato yadda rim yake shigewa ciki ko fitowa waje, wanda ake rubutawa a jikinsa da haruffan ET da lamba. Idan ya shige da yawa ya gogi birki, idan ya fito da yawa ya cinye boris.

A gaskiya ba yaran shago kaɗai ke da laifi ba. Su sun koyi sana'a ne da ido da hannu, ba wanda ya taɓa nuna masu awo. Mu da muka yi boko, muke iya karanta takardar magani kafin mu sha, mu ne ke tsayawa a inuwa muna danna waya ana ɗaura wa motarmu ƙafar da ba tata ba. Sau da yawa ma mu ne ke neman mai kyau ko mai araha, alhali masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Ka san awon motarka ka rubuta shi ka ajiye. Idan za ka sayi rim, a nan unguwa ne ko a Ƙofar Ruwa, ka tafi da tsohon, a juya bayansu a gwada lambobin, ka kuma tambayi daga wace mota aka cire shi. A fara ɗaura kowane noti da hannu. Wanda ya ƙi shiga sai da ƙarfi, gargaɗi yake yi maka. A ɗaure su a tsallake, ba a jere ba, kuma kada a yarda yaro ya zura bututu a sifana ya hau da ƙafa, domin ɗaurin da ya wuce kima shi ma yana karya noti. Bayan an yi tafiyar kilomita hamsin zuwa ɗari, a tsaya a sake dubawa. Kada kuma a manta da safiya taya, wadda galibi ba a gane ba ta motar ba ce sai dare ya yi a daji.

A ƙarshe, ina kira ga ƙungiyoyin makanikai da masu faci na Tarauni da su koya wa yaransu waɗannan lambobi, haka ita ma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda tun 1988 take wayar da kan direbobi, ta sanya rim cikin faɗakarwar da take yi game da taya. Ƙaddara gaskiya ce, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya.