Tafkin Chadi: Abin Da Taurarin Ɗan'adam Suka Gani Daga Sama

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa sayen banda a kasuwar Anacha, ko a Ikko, ko a Sabo ta Badun, ya san sunan Baga ko da bai taɓa taka ƙasar Barno ba. Kifin nan, da wake, da kanwar da manyan motoci ke saukewa a Kurmi, da yawansu daga Tafkin Chadi suke fitowa. Saboda haka maganar tafkin ta shafi aljihun 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Kudu, ta kuma shafi iyalin da suka bari a gida.

An daɗe ana cewa tafkin ya ƙafe, wai kashi 90 cikin 100 na ruwansa ya tafi, sauran ma yana hanya. Maganar ta shiga rediyo, ta shiga bakin shugabanni a manyan tarurruka. To, Hausawa sun ce gani ya kori ji. Akwai shaidun da suka fi shekara 50 suna kallon tafkin daga sama, watau taurarin ɗan'adam, kuma abin da suka gani ya ɗan sha bamban da abin da muke ji.

Yadda Suke Gani

A ranar 23 ga Yuli, 1972, Amurka ta harba tauraron farko na jerin da ake kira Landsat, wanda aikinsa shi ne ɗaukar hoton ƙasa. Biyu daga cikin magadansa, Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021, suna shawagi a nisan kilomita 705 daga ƙasa. Kowannensu yakan koma kan wuri ɗaya bayan kwana 16, yana ɗaukar fili mai faɗin kilomita 185 a tafiya guda. Tun 1972 ake tara hotunan, don haka ana iya jera na bana da na shekarun baya a gwada.

Na'urar tauraron tana ganin wani irin haske da idon mutum ba ya gani. Ruwa yakan shanye wannan haske, sai ya fito baƙi ƙirin a hoto. Ɗanyen ganye kuwa yakan mayar da shi, sai ma'aikata su ba shi launin ja. Ta haka suke bambance ruwa da ciyawa da rairayi, su auna faɗin kowanne ba tare da sun shiga kwalekwale ba.

Shekarun Fari

Wani hoto da tauraron leƙen asirin Amurka ya ɗauka a 1963, wanda ba a fito da shi ba sai a 1995, ya nuna tafkin a cike, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 25,000. Amma tafkin kamar faranti yake, ba shi da zurfi, kuma rana tana shan wajen mita 2 na ruwansa kowace shekara. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shigarsa daga kogin Shari da na Logon yake zuwa, su kuwa daga ƙasar Afirka ta Tsakiya da tuddan Kamaru suke tasowa. Idan damina ta gaza a can, a Baga ake jin jiki.

Haka ta faru a farin 1972 zuwa 1974. Hotunan Landsat sun nuna yadda wani tudu ya fito tsakanin Baga ta Nijeriya da Baga Sola ta Chadi, ya raba tafkin gida biyu, na arewa da na kudu. Da farin 1983 da 1984 ya zo, sararin ruwa bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba, ɓangaren arewa kuwa ya bushe ƙurmus a wasu shekarun. Daga gwada hoton 1963 da na wannan lokaci ne aka samo lissafin kashi 90 ɗin nan.

Lalle an yi hasara. Gwamnatin Tarayya ta kashe maƙudan kuɗi a kan aikin noman rani na Kudancin Chadi a Sabon Marte, wanda aka tsara zai shayar da hekta 67,000, amma ruwa ya janye ya bar hanyoyin ruwan a bushe. Masuntanmu kuma suka yi ta bin ruwa har suka kafa ƙauyuka irin su Darak a cikin ƙasar Kamaru. Sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Oktoba 2002, Nijeriya ta miƙa ƙauyuka sama da 30 a watan Disamba 2003.

Ruwa Ya Juyo

Sai dai labarin bai tsaya a 1984 ba. Masana sun lura cewa ruwa mai yawa yana kwance a ƙarƙashin ciyawa da kachala, inda hoton farko ke nuna ciyawa kawai. Da aka yi amfani da na'urar da ke auna zafin ƙasa, sai ya bayyana, domin wurin da ke da ruwa ya fi busasshiyar ƙasa sanyi da rana. Tun 1992 kuma akwai taurarin da ke aika sigina zuwa kan ruwa ta dawo, su gane hawansa da saukarsa. Wasu tagwaye da aka harba a 2002, masu suna GRACE, su nauyin ƙasa suka riƙa aunawa zuwa 2017, har su san ko ruwan da ke ƙarƙashinta ya ƙaru. Dama ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Wani bincike da aka buga a 2020, wanda Florence Sylvestre ta Faransa da abokan aikinta suka yi, ya haɗa waɗannan ma'aunai. Ya nuna cewa a cikin shekaru 20 da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba. Ɓangaren kudu ya tsaya da ƙafarsa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ƙaruwa yake yi. Tafkin bai koma girmansa na 1963 ba, amma yana cika yana janyewa, shekara da shekara. Ambaliyar da ta ci unguwannin Injamena a 2022 ta nuna irin ruwan da Shari da Logon ke iya kawowa.

Ina Amfaninmu?

A nan ne maganar ta shafi mai karatu. Wanda ke tara kuɗi a Ikko ko Fatakwal yana aikawa gida a gina ɗaki ko a share gona a tsohon kwancin tafki, bisa zaton ruwa ya tafi ke nan, ya yi hattara. Ƙasar da ruwa ya janye daga kanta tana ba da masara da wake ba tare da taki ba, amma mai wurin yana iya dawowa. Haka kuma rikicin manomi da makiyayi da masunci yakan tashi ne a daidai inda bakin ruwa ke canzawa. Ba a kuma manta da rashin tsaro ba, wanda ya raba dubban mutane da tafkin, musamman bayan harin Boko Haram a Baga a watan Janairu 2015.

Tun 2008 hotunan Landsat kyauta ne ga kowa. Nijeriya ma ta harba nata tauraron, NigeriaSat-1, a watan Satumba 2003, tana da cibiyar nazarin irin waɗannan hotuna a Jos, ga kuma Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa tun 1964. Ruwan Shari yakan ɗauki makonni kafin ya cika tafkin, watau akwai lokacin yin gargaɗi. Abin da ya rage shi ne labarin ya fita daga ofis ya isa ga bulama da sarkin ruwa, da Hausa da Kanuri, ta rediyo, kafin manomi ya zuba iri.

Ƙungiyoyin 'yan kifi da na 'yan hatsi da ke Kurmi suna da bakin da za su nemi haka daga wakilansu a majalisa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma maido da zaman lafiya a bakin tafki, amin.