Gyaran Babbar Ƙusar Ƙafar Gaba ta Tsohuwar Mota

Manoma da dagatai, ku sani a motocin dā, irin su Ford Model A da aka ƙera daga 1927 zuwa 1931, kowace ƙafar gaba a kan babbar ƙusa guda take juyawa, cikin zobba biyu na tagulla. In suka cinye, sai sitiyari ya riƙa rawa, har wata rana mota ta ƙwace wa direba da mutane a ciki.

Ga yadda ake ganewa. A ɗaga gaban mota, a kama taya sama da ƙasa, a girgiza, wani kuwa ya taka birki. In motsi ya tsaya, laifin boris ne. In bai tsaya ba, ƙusa ce.

To, a fitar da ita, a sa sababbin zobba, ramin giris ya dace da na mazauninsu. A rarake cikinsu kaɗan kaɗan, har babban yatsa ya iya tura sabuwar ƙusa. Kada a buga da guduma, gama sitiyari zai cije.

Bayan kowane mil 500 a sa giris, musamman da damina. Rigakafi ya fi magani.