Farfaɗiyar da ba ta saki: manya nawa take kamawa a shekara?

Yawancin faɗuwar farfaɗiya ba ta wuce minti ɗaya zuwa biyu. Mutum ya faɗi, jiki ya sandare, ya yi ta jijjiga, can ya lafa, ya farfaɗo a gajiye. Amma akwai wadda ba ta saki. Likitoci a Nijar suna kiranta da sunanta na Faransanci, "état de mal épileptique": jijjigar da ta zarce, ko wadda ke ta maimaituwa mutum bai dawo cikin hayyacinsa a tsakani ba. Ita ce mai kisa.

A da, sai jijjiga ta kai minti 30 ake ba ta wannan suna. A shekarar 2015 ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya, ILAE, ta mayar da iyakar minti 5 ga jijjigar da ta game jiki duka. Dalili kuwa, wadda ta haura minti 5 da wuya ta tsaya da kanta, kuma in ta kai rabin awa ƙwaƙwalwa na iya samun lahanin da ba ya gyaruwa.

To, mutum nawa abin ke samu? Alƙaluman sun sha bamban sosai. Binciken birnin Richmond na Amurka, wanda aka wallafa a 1996, ya sami mutum 41 cikin kowane 100,000 a shekara. A yankin Suwizalan mai magana da Faransanci, na shekarar 2000 ya sami wajen 10. Waɗannan biyun sun haɗa da yara. Da aka ƙirga manya zalla a jihar Hessen ta Jamus a 2001, an sami 17. A Salzburg ta Ostiriya kuwa, binciken 2019 ya ba da 36.

Ba wai mutanen Salzburg sun fi maƙwabtansu Jamusawa ciwo ninki biyu ba ne. Ma'auni ne ya canza. Sun yi aiki da iyakar minti 5, sannan sun ƙirga wani nau'in da ido ba ya gani: majinyaci ba ya jijjiga, ya dai ruɗe ko ya suma, alhali ƙwaƙwalwarsa na cikin farfaɗiya. Sai na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa, EEG, ke gano shi, kuma shi ne kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da suka samu. Inda babu wannan na'ura, irin wannan majinyaci ba ya shiga lissafi ko kaɗan; a gida ma sai a ce tsufa ne ko iska. In aka ɗauki 10 zuwa 40 ɗin nan aka auna da gari mai manya 300,000, ana maganar mutum 30 zuwa 120 ke nan kowace shekara.

Tsofaffi abin ya fi shafa. A Richmond, waɗanda suka haura shekara 60 sun kai 86 cikin 100,000, kuma kashi 38 cikin 100 na tsofaffin da abin ya kama sun rasu. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: wajen rabin waɗanda abin ke samu ba su taɓa yin farfaɗiya ba a rayuwarsu. Shanyewar ɓarin jiki, bugu a kai, faɗuwar sukari a jini, ko daina giya farat ɗaya ga wanda ya saba, duk suna kawo ta. Ga masu farfaɗiya kuwa, babban musabbabi shi ne katse magani.

Nan ne batun ya taɓo Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Alƙaluman sama duk na ƙasashe masu arziki ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba sa samun maganin da ya kamata. Mai shan Gardénal da ya tsaya don kuɗi sun ƙare, ko don ya yi watanni bai faɗi ba, ya jefa kansa cikin haɗari, domin wannan magani ba a yanke shi lokaci guda. Ga sanƙarau a lokacin zafi, ga maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa, ga haɗarin babur na ƴan kabu-kabu marasa hular kwano. Tramadol da matasa ke sha fiye da ƙima shi ma yana tayar da jijjiga, har ga mai lafiya ƙalau.

In mutum ya faɗi, a duba agogo. A janye shi daga wuta, ruwa ko titi, a sa masa abu mai taushi ƙarƙashin kai, a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, don yana iya shaƙewa. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. Da zarar minti 5 ya cika bai lafa ba, ko ya sake faɗawa bai farfaɗo ba, sai CSI ko asibiti mafi kusa, inda ake tsayar da ita da allurar diazepam, wato Valium, wadda ƙarfinta ke raguwa gwargwadon jinkirin da aka yi. Mace mai ciki kuwa ba a jira minti 5 ɗin ma, domin nata maganin daban ne. Wanda ya raka majinyaci ya faɗa wa ma'aikacin jinya ƙarfe nawa abin ya fara, da maganin da yake sha, da ranar da ya sha na ƙarshe.