2.4 Asalin Yawan Ɓoyayyen Abu a Sararin Samaniya

A wannan sashe za a yi bayanin dalilin da ya sa ɓoyayyen abu ya kai yawan da ake auna shi a yau. Abin da ake nufi da ɓoyayyen abu shi ne wani abu mai nauyi wanda ba ya fitar da haske, ba a kuma gane shi sai ta yadda yake jan taurari. Fritz Zwicky ne ya lura da alamarsa a 1933, sannan binciken Vera Rubin a shekarun 1970 ya ƙarfafa batun. Sakamakon kumbon Planck na 2018 ya nuna cewa ɓoyayyen abu ya kai kusan kashi 27 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa, alhali abin da muka sani bai wuce kashi 5 ba.

Ra'ayin da ya fi shahara, wanda Lee da Weinberg suka yi lissafinsa a 1977, shi ne cewa tun farko sararin yana da tsananin zafi da cunkoso. Ƙwayoyin ɓoyayyen abu kan haɗu da kishiyoyinsu su hallaka juna, zafi kuma ya haifar da sababbi. Da sararin ya ci gaba da faɗaɗa yana hucewa, sai haifar sababbi ta tsaya, daga baya ƙwayoyin suka yi nisa da juna har haɗuwa ta faskara. Waɗanda suka saura su ne ake aunawa yanzu.

Za a iya kwatanta wannan da kasuwar hatsi irin ta Dandume ko Funtua. Muddin kasuwa tana ci, masara tana fita. Da zarar ta watse, abin da ya rage ya zama kwantai. Idan ciniki ya yi zafi, kwantai kan yi kaɗan. Haka nan, ƙwayoyi masu saurin hallaka juna kaɗan suke bari, masu jinkiri kuwa da yawa.

Muhimmancin wannan shi ne, saurin da lissafi ke buƙata ya yi daidai da na ƙwayoyi masu nauyi da raunin mu'amala. Sai dai gwajin XENONnT a Italiya da na LZ a Amurka ba su kama ko ɗaya ba. Saboda haka masana suka ƙara mai da hankali ga wasu ra'ayoyin, waɗanda za a duba a sashe na gaba.