Gaskiya da Jita-jita a Bakin Mai Sabuwar Motar Gudu Bayan Doguwar Tafiya

Akwai wani nau'in mota da masu ƙera motoci suka ajiye a tsakanin motar iyali da motar tsere, wato salun mai ƙofa huɗu da kujeru biyar da but na zuba kaya, wadda aka ba ta inji da birki da ƙafafu waɗanda suka fi ƙarfin abin da zirga-zirgar gari take bukata. Kamfanin BMW na Jamus ya daɗe da yin suna a wannan fage ta hanyar jerin motocinsa na 3 Series, wanda ya fara fitowa a 1975, kuma daga zubi na bakwai na wannan jeri ne aka sami M340i, wadda ta shiga kasuwa a 2019 da inji mai silinda shida a jere, mai girman lita 3, wanda kamfanin yake kira B58. Duk wanda ya sayi irin wannan mota sabuwa dal ya yi doguwar tafiya da ita, ko daga Munich zuwa Hamburg ne, tafiyar kusan kilomita 800, ko daga Abuja zuwa Kano, yakan dawo da labarai masu daɗin ji, waɗanda suke yawo daga majalisa zuwa garejin makanikai har su zama tamkar ilimi tabbatacce. Shaidar mai mota tana da nauyi a kan abin da jikinsa ya ji, kamar laushin kujera ko gajiyar baya ko shirun da ke cikin motar, amma tana yin rauni da zarar ta shiga abin da sai da ma'auni ko tsawon lokaci ake sanin sa, kuma a wannan iyaka ce ya kamata a tace maganganun.

Magana ta farko da aka fi ji ita ce doguwar tafiya tana buɗe inji, don haka wai sabuwar mota ba ta nuna ƙarfinta sai an kai ta babban titi an taka mata totur har ƙasa. Rabin farko na maganar yana da ɗan tushe, domin sassan sabon inji, musamman zobban fistin da bangon silinda, suna bukatar su goga juna na wani lokaci kafin su zauna daidai, kuma idan suka zauna gugar da ke cinye ƙarfi tana ɗan raguwa. Rabi na biyu kuwa ya saɓa wa abin da kamfanin da kansa ya rubuta a littafin da yake bai wa mai mota, inda ya ce a kilomita 2,000 na farko kada juyin inji ya wuce 4,500 a minti ɗaya, kada gudu ya wuce kilomita 160 a awa, kuma a riƙa sauya gudun maimakon a tsaya a kan guda ɗaya. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana nufin cewa tafiyar awa biyar a kan gudu ɗaya tak ba ita ce mafi dacewa da sabon inji ba. Littafin ya ƙara da cewa sababbin tayoyi ba sa kama ƙasa sosai sai sun yi kimanin kilomita 300, birki kuma sai ya yi kimanin 500 kafin takalminsa da faifansa su daidaita, abin da yake nuna cewa ranar da mai mota ya fi ɗokin gwada ta ita ce ranar da ba ta kai ga cikakken riƙonta ba. Ƙarin ƙarfin da direba yake cewa ya ji a ƙarshen tafiya kuwa, mafi yawansa sabo ne, domin ƙafarsa ta koyi totur, tsoronsa ya ragu, giyar motar mai sarrafa kanta kuma tana sauya lokacin canjinta gwargwadon yadda ake taka ta.

Magana ta biyu ta shafi sunan motar da abin da aka rubuta a kan injinta. Ana yawan cewa tana da turbo biyu saboda rubutun TwinPower Turbo da ke kan murfin injin, alhali injin B58 turbo ɗaya gare shi. Turbo wata fanka ce da hayaƙin da ke fita daga inji yake juyawa, ita kuma ta juya wata fankar da ke cusa ƙarin iska a cikin silinda domin a ƙona ƙarin mai a sami ƙarin ƙarfi. Abin da ya kasu biyu a wannan injin shi ne hanyar da hayaƙin yake bi zuwa fankar, silinda uku ta wannan hanya uku ta waccan, domin bugun hayaƙin wata silinda kada ya dagula na wata, kuma da haka turbon yake amsawa da wuri ko da injin yana juyawa a hankali. Haka nan harafin M da ke gaban sunan bai mai da ita M3 ba, domin M3 mota ce dabam mai injin S58, wanda shi ne yake da turbo biyu na haƙiƙa, kuma ƙarfinsa lokacin da ta fito ya kai doki 480 zuwa 510, yayin da M340i ta fito a Turai da doki 374. Abin da yake gaskiya ba tare da ƙari ba shi ne cewa Toyota ta ɗauki wannan inji na B58 ta sa a motarta GR Supra ta 2019, kodayake wannan ba hujja ba ce ta cewa kula da shi zai yi arha kamar kula da Corolla, kamar yadda wasu dillalai suke son mai saye ya fahimta.

Wata magana da mutane da yawa suke ɗauka ƙage ne, alhali gaskiya ce, ita ce ba duk rurin da direba yake ji a cikin motar ne yake fitowa daga inji ba. Motocin zamani an toshe su daga hayaniyar waje, turbo kuma yana danne ƙarar hayaƙi, saboda haka kamfanin ya sa wani tsari mai suna Active Sound Design wanda yake ƙara sautin inji ta lasifikokin cikin motar, yana ɗaga shi ko sauke shi gwargwadon juyin inji da nauyin ƙafa a kan totur. Mai motar da ya ce ta yi shiru a babban titi sannan ta yi ruri da ya latsa maɓallin gudu bai faɗi ƙarya ba, sai dai wani ɓangare na abin da ya ji an tsara shi ne domin kunnensa, kuma bai dace a auna lafiyar inji ko ƙarfinsa da wannan sauti ba.

Batun shan mai ne ya fi kowanne jawo gardama, kuma a nan ɓangarorin biyu duk suna da abin kamawa. Mai motar da ya ce ta sha mai kaɗan a doguwar hanya yana iya zama mai gaskiya, domin giyar motar, wadda kamfanin ZF yake ƙerawa, tana da hawa takwas, kuma a hawa na takwas injin yana juyawa ƙasa da sau 2,000 a minti a gudun kilomita 100, turbo bai shiga aiki sosai ba, don haka injin yana shan abin da bai wuce na matsakaiciyar mota ba. Gwajin hukuma na Turai mai suna WLTP, wanda ya fara aiki a 2017, ya ba ta kimanin lita 8 a kowace kilomita 100. Kuskuren yana shigowa ne idan aka ɗauki wannan adadi aka ce haka take sha a ko'ina, domin a cunkoson gari, inda ake tashi ana tsayawa da na'urar sanyaya iska a kunne, inji mai lita 3 da ke jan mota mai nauyin fiye da tan ɗaya da rabi zai nuna girmansa. Gudu mai yawa ma yana rushe lissafin, tunda turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Sannan adadin da allon motar yake nunawa ƙiyasi ne da kwamfutar motar take yi daga tsawon lokacin da bututun fesa mai suke buɗe, kuma hanyar da ta fi inganci ita ce a cika tanki, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba litar da ta shiga da kilomitar da aka yi.

Daga shan mai sai irin man. Akwai masu cewa duk fetur ɗaya ne ga injin zamani tunda yana da kwamfuta, akwai kuma masu cewa fetur mai lamba mafi girma yana ɗauke da ƙarin ƙarfi, kuma duka biyun sun kauce. Lambar oktan ma'auni ce ta yadda fetur yake jure matsi da zafi ba tare da ya kama wuta da kansa kafin lokaci ba, abin da yake haifar da wata ƙwanƙwasa mai cutar da fistin. Injin da ke da turbo yana matse iska sosai, saboda haka aka tsara wannan domin fetur mai lamba 95 ko sama da haka a ma'aunin Turai. Idan aka zuba wanda bai kai ba, na'urorin da ke sauraron ƙwanƙwasa suna sa kwamfuta ta jinkirta tartsatsin filogi, injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu shan mai ya ƙaru, musamman a ranar zafi. Wannan yana da muhimmanci ga mai saye a Najeriya, inda yawancin gidajen mai fetur iri ɗaya suke sayarwa babu zaɓi, kuma yana da kyau a san cewa Amurka tana lissafa oktan da wani ma'auni dabam, ta yadda 91 da aka rubuta a murfin tankin motar da aka shigo da ita daga can ya yi daidai da kusan 95 na Turai.

Labarin da ya fi haɗari shi ne na gudu. Gaskiya ne cewa an ɗaure motar da kwamfuta a kan kilomita 250 a awa, bisa wata fahimtar juna da manyan kamfanonin Jamus irin su BMW da Mercedes-Benz da Audi suka daɗe suna bi, kuma gaskiya ne cewa wasu sassan manyan titunan Jamus ba su da iyakar gudu, kodayake hukuma ta ba da shawarar 130. Amma adadin da direba ya gani a allo ba shi ne ainihin gudunsa ba, domin ƙa'idar da ake bi a Turai ta hana ma'aunin gudu ya nuna ƙasa da gaskiya, ta kuma yarda ya zarce da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, don haka masu ƙerawa sukan saita shi ya ɗan yi sama. Abin da ya fi wannan damuwa shi ne furucin da ake ji daga masu irin wannan mota cewa gudun 160 a cikinta tamkar 80 ne. A matsayin bayanin abin da jiki ya ji, furucin gaskiya ne, kuma shi ya sa yake da haɗari, domin shirun motar da daidaituwarta suna ɓoye wa direba alamun da ya saba auna gudu da su, bayan awanni a hanya kuma ido yana sabawa har gudu mai yawa ya zama kamar ba komai. Nisan da birki yake bukata ba ya sabawa da komai: motar da ke gudun 140 tana bukatar kusan ninki biyu na nisan da take bukata a 100 kafin ta tsaya, kuma ko a 100 ɗin tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya kafin ƙafa ta kai ga birki. Titin da ake iya cin karo da rami ko garken shanu ko tirela da ta lalace babu alama ba shi ne titin da aka gwada motar a kai ba, kuma iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta sa wa ƙananan motoci a babban titi mai hannu biyu ita ce kilomita 100.

Game da tayoyi, ana cewa na wannan mota ba sa yin faci. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da taya mai ƙarfafan gefe, wadda take iya ɗaukar motar bayan iska ta fita, amma na kimanin kilomita 80 kawai a gudun da bai wuce 80 ba, kuma sau da yawa babu safaya a but. Taya mai siririn gefe tana sa sitiyari ya amsa da sauri, sai dai robar da ke tsakanin rami da ƙarfen wili kaɗan ce, motar kuma tsakaninta da ƙasa bai fi kimanin santimita 13 ba, don haka yabon laushi da aka yi mata a kan kwalta mai santsi ba ya bin ta zuwa hanyar da ta farfashe.

Saura al'adar barin inji yana aiki na wasu mintuna bayan doguwar tafiya domin turbo ya huce, wadda ta samo asali daga tsofaffin injuna da baƙin mai yakan ƙone a cikin turbonsu idan aka kashe su da zafi. A wannan injin ruwa ne yake sanyaya turbon, kuma akwai ƙaramin famfo na lantarki da yake ci gaba da zagaya ruwan bayan an kashe mota, shi ne ƙarar da wasu suke ji su ɗauka matsala ce. Rage gudu a 'yan kilomitocin ƙarshe ya wadatar. Hukuncin da tafiya ɗaya ba za ta iya yankewa ba shi ne na ƙarko, domin abubuwan da suke tsufa a irin wannan inji, kamar robobin da ke riƙe mai da bututun ruwa na roba, sai bayan shekaru na zafi da sanyi suke nuna halinsu. Injin ba shi da sandar duba baƙin mai, ta allo ake auna shi, kuma kwamfuta ce take ƙiyasta lokacin juye, ƙiyasin da ya kamata a gajarta a ƙasar da ke da zafi da ƙurar hunturu. Man giya ma, wanda ake cewa na har abada ne, kamfanin ZF da ya ƙera giyar yana ba da shawarar a canza shi idan mota ta yi nisa ko ta sha aiki mai tsanani.